Ruwan Da Saudatu Ta Ƙi Sha

Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidajen unguwar Gabukka da ke garin Gombe, kaji sun fara neman akurki, ladanin unguwa yana gyaran murya a lasifika. A tsakar gidan Sule Mai Tanka, matarsa Saudatu tana durƙushe tana sake ɗauraye kwanukan da ta riga ta wanke, don ita haka Allah Ya yi ta, ba ta yarda da wankin farko. 'Yarsu tilo, Iklima, mai shekara goma sha huɗu, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti. Babu abin da ya bambanta yammacin nan da na jiya, sai dai iska da ta tsaya cak, ko ganyen darbejiyar ƙofar gida ba ya motsi.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ba irin ƙarar dutse ba ce, ƙara ce mai nauyi, tim, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Saudatu ta ɗaga kai ta ce 'ya'yan unguwar nan ba su da tarbiyya. Kafin ta rufe baki na biyu ya sauka a tsakar gida, dab da kwandon kwanukanta, ya fantsama. Laka ce baƙa mai yauƙi, da fararen tsutsotsi suna wutsil-wutsil a cikinta. Warin da ya tashi kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da buɗaɗɗen masai da rana tsaka ya san shi. Saudatu ta toshe hanci da bakin zani, ta ja da baya tana kakarin amai.

Daga ɗakin ajiya, inda suke jibge jakunkunan ruwan leda, aka fara jin fas, fas, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar wani na zaune yana matse su da gangan. Ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya malalo tsakar gida, kuma ba fari ba ne, launin ruwan kwata ne.

Iklima ta ajiye faranti. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta kalli uwarta da idanun da ba sa ƙiftawa ta ce, “Ƙishirwa nake ji.”

Muryar ta tsohuwa ce, mai kauri, ba ta yarinya ba.

Saudatu ta zura takalmi ta ruga shagon bakin layi ta sayo ruwan leda, ta huda da haƙorinta, ta kafa mata a baki. Ruwan ya kai maƙoshi ya tsaya, ya dawo ta hanci da baki, ya jiƙa rigar yarinyar.

“Ba wannan ba,” in ji muryar. “Na rijiyar kwari.”

Nan jikin Saudatu ya yi sanyi ƙalau, ta zauna daɓas a cikin ruwan da take ƙyama, ba ta ma sani ba.

To, bari in gaya muku abin da ya sa sunan wannan rijiya ya kashe mata jiki. Sule yana da tsohuwar motar tanka da yake kwashe masai da ita. In shaddar gida ta cika, a kira shi, ya zura tiyo, inji ya zuƙe, ya tafi. Ni ban ga aibin wannan sana'a ba, in ba don irinsu ba ai da gari ya nutse a cikin abin da ke fita daga cikinmu. Aibin yana inda yake juye kayan. Wurin da aka keɓe don haka yana can nesa bayan gari, ga man dizal ya yi tsada, shi kuwa Sule yana son ya ninka sawu. Sai ya gano wata ɓarauniyar hanya da ke kaiwa saman kwarin da ya ratsa bayan Gabukka, inda zaizayar ƙasa ta cinye gonaki ta bar rami mai zurfi. Da magariba, mutane na masallaci, sai ya ja da baya ya buɗe bututu, ya tsaya gefe yana danna waya har tanka ta zama fanko.

A ƙasan kwarin nan kuma, inda yashi ke da damshi ko da rani, akwai rijiyar da rabin unguwa ke sha. Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, saboda haka mata da 'yan garuwa nan suke layi tun asuba. Ruwan garai-garai yake, mai sanyi, har ana yabonsa. Kyan ɗan maciji ke nan. Da damina ta sauka, ruwan sama ya kwaso abin da Sule ya tara a sama ya tace shi ta cikin yashi, a hankali, ba launi ba wari, ya kai shi inda ake zura guga.

Da amai da gudawa suka ɓarke a unguwa, Sule ya gane. Ba jahili ba ne. Wata rana ya dawo da jakunkunan ruwan leda cike da a-daidaita-sahu, ya ja matarsa ɗaki ya gaya mata komai, ya ce daga yau ko alwala kada a yi da ruwan rijiyar kwari a gidansa. Saudatu ta yi tsaki, ta ce Allah wadaran wannan aiki, ta kife randarta, ta wanke ta da ruwan zafi da toka. Shi ke nan abin da ta yi. Ba ta leƙa katanga ta gaya wa kowa ba, don in magana ta fita, motar ce za ta tafi, da ita da tuwonsu. Shi ma ya ɗan huta da zuwa kwarin na wasu makonni, da ya ga ƙura ta lafa ya koma.

Kuma fa Saudatu ce sarauniyar tsafta ta layin. Mijinta ba ya taka tsakar gidanta sai ya tuɓe kayan aiki a zaure ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi. In baƙuwa ta sha ruwa a kofinta, sai ta tafasa shi. Kullum bakinta ba ya rabuwa da cewa tsafta cikon addini ce. Lokacin annobar har cewa ta riƙa yi a gidan suna, wai ƙazantar mutanen unguwa ce ke kashe su, ba sa wanke hannu. 

Katanga ɗaya ce ta raba su da Mama Jummy, wata dattijuwa Batangala, Kirista, mai sayar da gawayi da itace, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ce ta karɓi haihuwar Iklima ranar da naƙuda ta zo babu kowa a gida, ita ta yanke mata cibiya, shi ya sa yarinyar ke kiranta Kaka. Mama Jummy tana riƙon jikanta, Lazarus, ɗan yaro mai surutu da bai isa shiga makaranta ba. Ciwon ya kama shi da safe, kafin wata safiyar ya tafi.

Saudatu ta je ta'aziyya da Iklima. Kun san al'ada, ko gidan makoki ne ba a barin baƙo da busasshen maƙoshi. Mama Jummy, da idanunta a kumbure, ta tashi da kanta ta ɗebo ruwa a randarta, ta miƙa da hannu biyu. Saudatu ta kalli moɗar ta ce, “Ayya Mama, ina azumi.” Iklima ta miƙa hannu za ta karɓa, uwar ta mintsine ta a cinya ta ƙarƙashin mayafi, ta ce ita ma yanzu ta sha a gida. Mama Jummy ta ce Allah Ya ba da lada, ta kafa kai ta shanye ruwan da kanta, Saudatu na kallo.

Wannan ke nan. Yanzu mu koma gidan Sule.

Da ya dawo a daren farko ya ga lakar da ke tsakar gida, bai tambayi daga ina ta fito ba. Ya tsaya yana kallonta, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ɗebo yashi ya rufe, Saudatu ta kwashe, ta wanke siminti har hannunta ya saɓule. Washegari da rana ta sake yin ja, lakar ta dawo. Haka aka riƙa yi kullum. Da an fara kiran magariba sai ta fara sauka a kan rufi, a kan shanya, a cikin tukunyar miya ko da a rufe take. Wani lokaci sai su ji ƙugin injin tanka a tsakiyar gida, da sautin tiyo yana zuƙa yana kwarara, alhali motar tana can garejin bakin titi a kashe. Ƙudaje kore suka cika gidan. Duk turaren wutan da Saudatu ta banka sai ya haɗu da warin ya zama wani abin da ya fi muni.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan halin da Iklima ta shiga. Ruwa ya ƙi wuce maƙoshinta. An gwada na leda, na roba, shayi, kunu, ruwan kankana, duk dawowa suke. Leɓunanta suka tsattsage, harshenta ya yi fari, idanunta suka faɗa. Suka kai ta wani ƙaramin asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa, shi ya ɗan riƙe ranta, amma da yamma ta yi sai ta fizge allurar, hannu ya kumbura. Likita ya duba maƙogwaro ya ce bai ga komai ba, ya ce a nemi babban asibiti, a kuma haɗa da addu'a. Suka dawo da ita gida. Kullum da faɗuwar rana sai ta sauko daga katifa ta fara rarrafe zuwa ƙofar gida, fuskarta na kallon kwari, tana cewa a ba ta ruwan rijiya. Sule, ƙato guda, sai ya yi da gaske yake iya mayar da ita ɗaki.

Iyayen nan biyu sun san abin da ke gabansu. In ba ta sha ba, ƙishirwa za ta kashe ta. In ta sha abin da take roƙo, sun ga yadda Lazarus ya ƙare.

Mama Jummy tana jiyo komai ta katanga. Wata yamma ta shigo da kofin silba a rufe da faifai, ta durƙusa kusa da yarinyar.

“Maman Iklima, yarinya ta ce ruwan rijiya take so, to a ba ta mana. Ai mu ma shi muke sha.”

Iklima ta ɗago da bakinta a buɗe kamar ɗan tsuntsu. Saudatu ta yi tsalle ɗaya ta make kofin, ya bugi bango, ruwan ya zube.

“Ƙwaro na gani a ciki, Mama,” ta ce, tana haki.

Dattijuwar ta ɗauki kofinta ta juya shi, ta duba ciki, ta goge da bakin zani.  Sai ta ce ita ba addininsu ɗaya ba, amma abin nan ba na allura ba ne, kuma ta ji masu sayen gawayinta suna yabon wani Malam Ibrahim Khalil na unguwar Madaki, wai ba ya karɓar baƙar akuya, ba ya ƙarya, karatu kawai yake yi. Ta ce a daure a kira shi tun yarinyar na da sauran numfashi.

Malam ya zo washegari bayan la'asar. Dattijo ne siriri, mai ɗan gemu fari, da ƙaramar jaka a hammata. Tun daga zaure ya tsaya ya shaƙi iskar gidan, ya yamutsa fuska, ya tambayi sana'ar maigidan. Da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai ya ce wataƙila irin shaiɗanun nan ne mazauna masai suka biyo mota, waɗannan ba su da wuya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Iklima, aka lulluɓe ta da babban mayafi. Malam ya ce a samu mace mai ƙarfin zuciya ta riƙe mata kai. Saudatu ta ja da baya ta maƙale a jikin bango. Mama Jummy ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta.

Ya fara karatu a hankali, kusa da kunnenta. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gida, tsuntsayen darbejiya suka yi shiru, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Da ya kai Ayatul Kursiyyu sai jikin yarinyar ya sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, wani dogon nishi ya fito daga ƙirjinta.

“Ya isa, Malam,” in ji muryar tsohuwar. “Abin da kake karantawa na riga kakanka haddace shi.”

“Wace ce ke?”

“Maƙwabciya ce.”

“Daga wane masai kika biyo shi?”

Yarinyar ta karkata kai ta tofar da yawun da ba ta da shi. “Tir. Kada ka haɗa ni da waɗancan. Mu masu tsarki ne. A gindin idon ruwan kwari muke tun garin nan yana daji. A nan muke alwala, a nan muke renon 'ya'yanmu. Mutane suka zo suka haƙa rijiya, ba mu hana su ba, ruwa na Allah ne. Sai wannan ya zo.” Hannun Iklima ya ɗaga, busasshen yatsa ya nuna Sule. “Muna sahu muna sallar magariba yake sako mana kashin gari a ka.”

Malam ya juya ya kalli Sule. Sule ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

“Ko da haka ne,” in ji Malam, “wannan yarinya ba ta zuba miki komai ba. Kin hana ta ruwa, za ki kashe ta. Zalunci ne, kuma kin san hukuncinsa.”

“Ita kaɗai ce a gidan nan zan iya zama a jikinta ban yi amai ba. Ka ce ba ta yi komai ba. Gaskiya ne. Lazarus me ya yi?”

Hannun Mama Jummy, da tun ɗazu yake shafa gashin yarinyar, ya tsaya.

“Wane ne Lazarus?” Malam ya tambaya.

“Tambayi wadda ke riƙe da kan nan. Abin da wannan ke zubawa a sama, yashi yake bi ya shiga rijiya. Mu muna ganinsa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Yaron yana zuwa da kakarsa ɗiban ruwa, yana leƙa rijiya yana yi wa inuwarsa gwalo, 'ya'yanmu na dariya. Shi da wasu da yawa. Maigidan nan ya sani, shi ya sa ya cika ɗaki da ruwan leda.”

Sule ya zube a kan gwiwoyinsa ya ce a yi masa rai, zai yanka rago, zai yanka sa ma in ana so, a bakin kwarin. Malam ya daka masa tsawa ya ce ba a yanka don wanin Allah, kada ya ƙara wa laifinsa shirka. Muryar kuwa wata 'yar dariya ta yi mai ɗaci.

“Jini kuma? Ƙazantar da ka zuba mana ba ta isa ba sai ka ƙara da jini da tumbi? Kai dai komai naka zubarwa ne.”

Sannan idanun yarinyar suka juya a hankali suka sauka a kan uwarta, wadda ta maƙale a jikin bango.

“Amma ba shi ya kawo ni gidan nan ba. Na daɗe ina haƙuri da warinsa. Ke ce. Ranar makokin yaron ina wurin, na je don na san shi. Aka miƙo miki ruwa da hannu biyu, kika ce kina azumi, da tuwon rana a cikinki. Kika mintsini 'yarki don kada ta sha. Kika zauna kina kallon tsohuwar nan ta shanye abin da ya kashe jikanta, kika ce mata Allah Ya ba da haƙuri, kika dawo gida kika wanke hannu da sabulu. Na ga mushe, na ga rami cike da tsutsa, ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba. Shi ya sa na ce bari 'yarki ta roƙi ruwan nan a gabanki, in ga ko za ki ce mata ita ma ta yi azumi.”

 Ƙudaje kawai ake ji. Saudatu ta zame ta zauna a ƙasa, ta cusa fuska a cikin gwiwoyinta.

Malam ya dubi dattijuwar ya ce a hankali, “Mama, ko za ki tashi wani ya karɓe ki?”

Mama Jummy ba ta kalle shi ba. Hawaye na bin kumatunta yana ɗiga a goshin Iklima, ta sa babban yatsa tana sharewa.

“Yarinyar ba ta yi min komai ba,” ta ce. “Ci gaba da aikinka, Malam.”

Malam ya gyara zama. Muryarsa ta sauya, babu sauran faɗa a cikinta. Ya ce, “Baiwar Allah, an zalunce ku, an zalunci mutane, na ji. Amma ba a gyara ɓarna da ɓarna. Me kike so ki fita?”

“Ya sha. A ɗebo moɗa guda daga rijiyar ya shanye a gabana, shi da matarsa.”

“Ba zan sa mutum ya sha guba ba, ko da shi ya dama ta. Kuma in sun sha sun mutu, gobe mata za su koma layi da bokitansu. Me kika gyara?”

 Can nesa ladani ya fara kiran magariba, kowa ya ɗaga kai yana jiran faɗowar laka. Ba ta faɗo ba.

“To ya faɗa,” in ji muryar. “Da bakinsa, ba da bakinka ba. Ya tsaya a bakin rijiyar ya gaya wa masu ɗiba abin da suke sha da wanda ya zuba. Kada guga ya sake shiga ciki.”

Sule ya ɗago da jajayen idanu ya ce, “Malam, kashe ni za su yi. Motar ma ƙwacewa za a yi.”

“To zaɓi,” in ji Malam. “Ga motar, ga 'yarka. Ni ba ni da wani karatun da ya wuce wannan.”

Kun san mutumin nan sai da ya yi jim? Wallahi sai da ya tsaya tunani, 'yarsa na kwance a gabansa da harshe a bushe kamar ƙirgi. Daga baya dai ya ce ya yarda. Malam ya sa shi ya rantse, ya ce da kansa zai riƙe hannunsa su fara da gidan mai unguwa yanzun nan, su kuma kwana a bakin rijiyar don kada wani ya riga su da asuba. Sannan ya juya ga muryar ya nemi alkawarin Allah cewa ba za ta dawo jikin yarinyar ba.

“Na yi. Ko bai faɗa ba ma, ga tsohuwar nan ta ji. Mu dai mun riga mun ɗaure kayanmu, za mu nausa can gaba da garin Kwadon, inda mota ba ta zuwa. Mun bar muku kwarinku. Ku da kuke tsoron mu da magariba, da kun san abin tsoro da junanku kuka tsorata.”

Jikin Iklima ya yi wata girgiza, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sai ta saki jiki gaba ɗaya. Iska ta kaɗa ganyen darbejiya. Warin da ya zauna a gidan kwana da kwanaki ya fara janyewa kamar ana naɗe tabarma. Yarinyar ta buɗe ido ta ga fuskar da ke samanta, ta ce da 'yar siririyar muryarta ta ainihi, “Kaka, ruwa.” Malam ya huda leda ya yi bismilla ya ɗiga mata. Maƙoshinta ya motsa, ruwan ya wuce. Ta kama hannunsa da hannu biyu tana zuƙa.

Abin da ya biyo baya, duk Gabukka an sani. Sule ya faɗa, a gaban mata da 'yan garuwa, ba don Malam da mai unguwa sun tsaya a tsakani ba da ba a bar shi da rai ba. An rufe rijiyar da kankare, motar ta tafi, shi ma ya yi zaman da ya yi a hannun hukuma. Iklima ta warke sarai, ba ta tuna komai, laka ba ta sake faɗowa a gidan ba. Amma ni ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, sai abin da ya faru a tsakar gidan kafin kowa ya fita.

Da Mama Jummy ta ga yarinyar ta ƙoshi ta yi barci, sai ta zare cinyarta a hankali, ta naɗe ɗankwalinta ta tallafe mata kai da shi. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, don ƙafafunta sun yi tsami, ta kakkaɓe zani. Tun la'asar take zaune, leɓunanta su ma sun bushe. Saudatu ta rarrafo ta ɗauki ledar ruwa guda, ta goge ta da mayafinta kamar yadda ta saba, ta durƙusa a gabanta ta miƙa da hannu biyu.

“Mama, ki jiƙa maƙoshi. Don Allah, Mama.”

Dattijuwar ta kalli ledar, fara tas, mai sanyi. Ta kalli matar da suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. An riga an idar da sallar magariba a masallaci, duk wani mai azumi a garin Gombe ya daɗe da shan ruwa.

“Ina azumi,” ta ce.

Ta zagaye ta, ta bi ta zaure ta fita. Saudatu na nan durƙushe da ruwan a hannunta, babu wanda ya karɓa.